Masara Ko Waken Soya? Lissafin Da Ke Gaban Manomin Manchok



A kowace shekara, da zarar watan Maris ya kama, akwai wani saƙo da ke tasowa daga gida ya iske mutanen Arewa a Agege da Idi-Araba, da unguwar Sabo ta Badun, da Fatakwal. A da cikin ambulan yake zuwa a hannun direban mota, yanzu kuwa ta wayar hannu yake shigowa, amma abin da ke cikinsa bai sake ba: damina ta gabato, a aiko da kuɗin taki. Mai gadi, da ɗan dako a kasuwar Mile 12, da soja a bariki, da malamar asibiti, kowa ya kan tsakuro daga abin da ya tara ya aika. Da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi abin da za a shuka da kuɗin, domin kowa ya ɗauka amsar a fili take, watau masara. To, wannan amsa ce ya kamata a sake dubawa, sabo da abubuwa biyun da masara ta jingina da su, taki mai araha da damina mai cika alkawari, duk sun sake hali. Za a ɗauki ƙasar Manchok ta zama misali, ko da yake maganar ta shafi Kagoro da Zonkwa da Kafanchan da sauran kudancin Jihar Kaduna baki ɗaya.

Manchok, inda fadar Sarkin Moro'a take, tana cikin Ƙaramar Hukumar Kaura, a gindin tsaunukan Jos, iyaka da Ganawuri ta Jihar Filato. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Kafanchan zuwa Jos, wadda aka buɗe a 1927, ta nan ta ratsa kafin ta fara hawan dutse. Wannan zama a gindin tsauni shi ne arzikin ƙasar ta fuskar ruwa. Iskar damina da ke tasowa daga teku, in ta ci karo da duwatsun Kagoro da na Filato sai ta hau sama, ta yi sanyi, ta sauke abin da ta ɗauko. Shi ya sa ruwan da ke sauka a nan daga Afrilu zuwa Oktoba ya fi na Zariya, balle na Kano. Bakatsinen da ya ji manomin Manchok yana kukan damina ya kan yi mamaki. Amma shuka ba ta lissafin ruwan shekara a dunƙule. Abin da ta sani shi ne ko ta sami ruwa a makon da take ƙishirwa, da kuma ko ya ƙyale ta a makon da take son rana.

Masara ba ta daɗe da zama sarauniyar gona ba. Kakannin mutanen Moro'a acca suka sani, da dauro, da dawa, da gwaza, da doya. Masara a bayan gida ake shuka ta, inda ake zuba toka da shara, a gasa a ci lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Abin da ya fitar da ita zuwa manyan gonaki shi ne takin zamani da gwamnati ta riƙa sayarwa da rangwame mai yawa tun daga shekarun 1970, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Shugaba Shagari a 1980, tare da sababbin iri daga cibiyar IITA ta Badun da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru. Sa'an nan a 1985 gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da masara daga ƙasashen waje, masu kiwon kaji a Kudu suka juyo Arewa da motocinsu, kasuwanni irin na Saminaka suka haɓaka. Watau dai rangwamen taki ne ya haifi wannan noma. Rangwamen ya daɗe da shiga tarihi, sabon kuwa ya zauna.

Shi kuwa waken soya ba baƙo ba ne a wannan yanki kamar yadda wadansu samari ke zato. An fara gwada shi a Badun a 1908 bai yi ba. Sai a 1937 aka sami irin da ake kira Malayan, wanda ya karɓi ƙasa, ya bazu a ƙasar Tibi ta Binuwai da kudancin Lardin Zariya wajen Zonkwa. Shekara da shekaru hukumar ciniki ce ke sayensa tana fitarwa waje, domin mutane ba su san yadda za su dafa shi ba, har matan ƙasar Kafanchan suka gano ana iya yin daddawa da shi a madadin kalwa, daga baya kuma awara ta shigo. Da aka rushe hukumomin ciniki a 1986, masu matse mai suka zama manyan masu saye. Tsohon irin yana da aibi babba, in ya bushe sai kwansonsa ya fashe ya watsar da ƙwaya a ƙasa. Irin da IITA ta fitar daga baya, kamar TGx 1448-2E, sun rage wannan asara ƙwarai, ko da yake ba su kawar da ita ba.

Abin da manomi da mai aiko masa da kuɗi ya kamata su fara sani shi ne, babban mai sayen waɗannan amfani biyu ɗaya ne, kaza ce. Fiye da rabin abincin kajin gidan gona masara ne, wajen rubu'insa kuma tunkuzar waken soya ce, watau abin da ya saura bayan an matse mai. In an matse kilo 100 na waken soya a kan sami abin da bai kai kilo 20 na mai ba, sauran kusan duka tunkuza ce mai gina jiki. Kamfanin Grand Cereals na Jos yana sayen duka biyun, haka kuma masana'antar abincin kaji da kamfanin Olam ya buɗe a Chikun kusa da Kaduna a 2017, ga kuma gonakin kaji barkatai a jihohin Oyo da Ogun. Mazaunin Ikko da ke sayen ƙwai da safe, ƙila masarar ƙanensa ce kazar ta ci. Sabo da haka duk abin da ya taɓa kaza ya taɓa rumbun Manchok. An ga haka a 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta ɓulla kusa da Jaji, aka yi ta karkashe kaji. An sake gani a 2023 da 2024, sa'ad da tsadar abincin kaji ta sa gonaki da yawa suka rufe. Raba gona tsakanin masara da waken soya yana kare manomi daga sharrin damina, amma ba ya kare shi daga mutuwar kasuwar kaji. Gara a faɗi wannan tun da wuri.

Yanzu sai lissafi, kuma da buhu za a yi shi ba da Naira ba, domin Naira ba ta tsayawa wuri ɗaya a ƙirga ta. A ɗauki hekta ɗaya, watau wajen eka biyu da rabi. In za a bi abin da malaman gona ke faɗa, masara tana son buhu 8 na takin kamfa da kusan buhu 3 na yuriya, buhu 11 ke nan. Manomin da ya zuba wannan, ya yi amfani da iri mai kyau, ya yi noma a kan kari, damina kuma ta ba shi haɗin kai, zai iya ɗaukar buhu 40 masu kilo 100. Waken soya a wannan hekta ba ya bukatar yuriya, domin a jikin saiwarsa akwai wadansu 'yan ƙulle-ƙulle inda ƙananan halittun da ido ba ya gani ke zaune suna jawo masa abinci daga iska. Abin da yake so shi ne buhu 3 ko 4 na takin sufa, da iri kamar kilo 50 zuwa 60. In shekara ta yi kyau a sami buhu 15 zuwa 20. Waɗannan alƙaluman na gonar da aka kula da ita ne. Yawancin gonakin ƙasar nan rabin haka suke bayarwa, masara wajen tan 2 a hekta, waken soya wajen tan 1.

Alal misali, a ƙaddara buhun taki ɗaya daidai yake da buhun masara ɗaya a kasuwa, buhun waken soya kuma daidai da buhu ɗaya da rabi na masara. Mai masara ya cire buhu 11 na taki, saura 29. Mai waken soya da ya sami buhu 18, kamar ya sami buhu 27 na masara ne, ya cire taki da iri, saura wajen 22. A wannan shekara masara ta yi nasara, kuma wanda ya ce a bar ta ya yi wa mutane ƙarya. To, a juya. A ƙaddara taki ya hau har sai an sayar da buhu ɗaya da rabi na masara kafin a sayi buhu ɗaya, waken soya kuma ya ninka masara a kuɗi. Takin masara ya ci buhu 16 ko 17, saura 23 ko 24. Waken soya kuwa ya tashi buhu 36, a cire taki da iri, saura wajen 29. Gona ɗaya, manomi ɗaya, ruwa ɗaya, amma riba ta koma ɗaya gefen. Lambobi biyu ke nan da ya kamata duk mai aika kuɗi gida ya tambaya kafin ya aika: buhun masara nawa ke sayen buhun taki, kuma buhun masara nawa ke daidai da buhun waken soya. Manoman Amurka ma da irin wannan ma'auni suke aiki, a wurinsu in kuɗin waken soya ya haura ninki biyu da rabi na masara sai su ƙara masa fili.

Duk wannan lissafin shekarar lafiya ne. Inda bambancin gaske yake shi ne shekarar da ruwa ya saɓa. A sake duban misali na biyu, a ce fari ya cinye rabin amfani. Mai masara ya ɗauki buhu 20, taki ya riga ya ci 16 ko 17, ba a yi maganar 'yan ƙwadago da maganin ciyawa da kuɗin mota ba. Wannan mutum ya yi wa mai sayar da taki bauta ne damina guda. Mai waken soya ya ɗauki buhu 9, daidai da 18 na masara, ya cire 7, har yanzu yana da abin riƙewa. Dalili kuwa a fili yake: mai masara ya kan binne dukiyarsa a ƙasa tun a Yuni da Yuli, kafin kowa ya san yadda Agusta za ta kasance.

Matsalolin damina a wannan yanki iri-iri ne, kuma kowacce da wanda take kamawa. Ta farko ita ce ruwan yaudara. A yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya ko biyu a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ƙasa ta yi ƙamshi, mai gaggawa ya shuka, sa'an nan sama ta yi shiru mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Masara wannan ke ci, domin ita ake fara shukawa, kuma irin zamani da aka saya da tsada ba a samunsa sau biyu a aljihu ɗaya. Waken soya sai tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli ake shuka shi, lokacin da ruwa ya zauna.

Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina. Masara tana da wadansu kwanaki, wajen wata biyu bayan shuka, da take fidda fure a kanta ta fitar da gemu. A cikin waɗannan kwanaki ake ɗaura auren amfanin shekara. In ƙasa ta bushe a lokacin, furen ya zubar da garinsa kafin gemu ya fito, sai a ga kara tsaye kore shar, goyo kuwa giɓi ne kamar bakin tsohuwa, kuma ko ruwa ya dawo washegari ba ya gyaruwa. Abin da ya faru da manoma da yawa ke nan a Agustan 2024, sa'ad da ruwa ya ɗauke makonni a jihohin tsakiyar ƙasa, Filato da Nasarawa da Neja da Kogi, har aka yi ta fita roƙon ruwa a watan da aka saba kukan marka. Waken soya ya fi haƙuri a nan, domin furensa ba rana ɗaya yake fitowa ba, ya kan ɗauki mako uku ko huɗu, in na farko ya zube na baya ya kama. Nasa lokacin haɗarin shi ne Satumba, sa'ad da ƙwaya ke cika. Fari kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda aka fara gani a Nijeriya a farkon 2016, ta fi ɓarna in ruwa ya ɗauke, sai ga kuɗin feshi ya hau kan kuɗin taki. Samaru ta fitar da irin TELA a 2024, wanda aka yi domin ya jure wa wannan tsutsa da ɗan fari, amma shi ma saye ake yi kowace shekara, kuma bai rage wa masara cin taki ba.

Yawan ruwa ma matsala ne, kuma a gindin tsauni an fi saninsa. Mamakon ruwa kwana ɗaya bayan an zuba yuriya ya kan wanke ta zuwa rafi, kuɗin wata biyu na mai gadi ya bi ruwa cikin dare ɗaya. Abin da ya sa malaman gona ke cewa a tona a binne ta, kuma a raba zubin biyu. Shi kuma waken soya sanyi da raɓa da yawan laima ke jawo masa cutar tsatsa, wadda ke busar da ganye kafin ƙwaya ta cika, sai dai a nemi iri mai jure mata irin TGx 1835-10E.

Kada a ɗauka waken soya tsira ne. Wuyarsa a ƙarshe take, kuma mai tsanani ce. In ruwa ya zarce har ƙarshen Oktoba alhali ya nuna, sai ya yi baƙi a kwanso, ya yi funfuna, dillali ya taya shi yadda ya ga dama. In kuma hunturu ya yi sammako, iska ta bushe, aka yi jinkirin kwana goma ba a yanke ba, sai a riƙa jin ƙarar fashewarsa da tsakar rana, kurciyoyi su yi biki. Masara tana iya jiran mai ita a kan kara, waken soya ba ya jira. Ga shi lokacin yankansa ya yi daidai da lokacin da kowa ke neman hannu, kuɗin ƙwadago ya hau. Yanka da tarawa da bugu a kan tamfol da shiƙa, yawancinsu a wuyan mata da yara suke, kuma mai lissafi daga Ikko ya kan manta ya sa wannan a takarda sabo da ba a biya shi da kuɗi. Bayan haka, masara tuwo ce. In kasuwa ta faɗi a zuba ta a rumbu a ci. Babu gidan da zai shekara a kan awara da daddawa. Sabo da haka masarar ci ba ta cikin wannan muhawara, a shuka ta ko taki ya kai nawa. Gardama a kan masarar sayarwa take.

Mutanen kudancin Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan haɗarin zuba dukiya duka a shuka ɗaya, domin 2023 ba ta yi nisa ba. A daminar wannan shekara cutar funfuna ta auka wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa cikin 'yan makonni. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar da fiye da Naira biliyan 12. Citta ta fi masara cin jari nesa ba kusa ba, kuma akwai mazauna Kudu da yawa da suka sa kuɗin shekaru a cikinta. Da yawan waɗanda suka rasa irin citta masara suka koma, da begen ita ce mai sauƙi.

Wannan tsaka mai wuya ba ta manomin Nijeriya kaɗai ba ce. A lardin Saskachewan na ƙasar Kanada manoma kan zauna da irin wannan tambaya kowace shekara, tsakanin kanola, wani tsiro mai rawayan fure da ake matse mai daga ƙwayarsa kamar riɗi, da sha'ir na abincin shanu. Abin lura shi ne a can lamarin a juye yake. Kanola mai mai ita ce mai cin jari, irinta da tsada, takinta da yawa, ribarta kuma ta fi in shekara ta yi kyau. Sha'ir shi ne mai araha, mai saurin nuna, wanda ake fakewa da shi. A farin 2021 duka biyun sun ragu da wajen sulusi, amma wanda ya fi binne kuɗi shi ya fi jin jiki. Ba sunan shuka ke nuna haɗarinta ba ke nan, yawan abin da aka zuba mata kafin a ga ƙarshen damina ne. Bambanci ɗaya babba shi ne, manomin Kanada yana da inshorar amfanin gona da gwamnati ke tallafa wa. A nan ma akwai kamfanin NAIC, wanda shirinsa ya faro tun 1987, amma galibi masu cin bashin banki yake rufewa, ƙaramin manomi a ƙauye bai san ƙofarsa ba.

Akwai kuma wata damina da ba daga sama take zuwa ba, daga ofis take fitowa. Ƙasar Sin ta ɗora wa sha'ir ɗin Ostireliya harajin fiye da kashi 80 cikin 100 a 2020, ba ta janye ba sai 2023, a 2025 kuma ta juya kan kanolar Kanada. A gida, hana shigo da sha'ir a 1988 ya sa masu yin giya da lemon malt suka koma sayen dawa, har irin gajeriyar kaura ta Samaru ta yi kasuwa. Kaurar dawa ake nufi, sunan ne kawai ya zo ɗaya da na ƙaramar hukuma. A Mayun 2023 aka janye rangwamen man fetur, a Yuni aka saki Naira, kuɗin mota da na taki da na feshi suka tashi tare. Masara ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba a 2024, kowa ya faɗaɗa gonarta. A Yulin wannan shekara gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba haraji na kwana 150, domin ta sauƙaƙa wa mutanen birni. Da wannan ya haɗu da sabon amfani, a kakar 2025 buhun masara bai kai rabin kuɗinsa na tsakiyar 2024 ba, taki kuwa bai sauko ba, har a kasuwanni da yawa buhun taki mai kilo 50 ya fi buhun masara mai kilo 100 tsada. Mazaunin Ikko ya ji daɗi a kasuwa, ya yi asara a gona, aljihu ɗaya. Wanda ya zaɓi shukar bana da farashin bara, a bayan kasuwa zai riƙa tafiya kullum.

Abin da ya fi dacewa da gona irin ta Manchok shi ne a daina kallon waɗannan biyu kamar kishiyoyi. A raba filin sayarwa, bana masara nan waken soya can, baɗi a musanya. Masarar da ta biyo bayan waken soya ta kan fi kyau, ta kuma rage cin yuriya, sabo da abin da saiwa da ganye suka bari a ƙasa. Wadansu irin waken soya kuma suna yaudarar ƙudujin nan, watau wuta-wuta, su sa ƙwayarsa ta tsiro ta rasa saiwar da za ta kama ta mutu, gona ta yi sauƙi shekara mai zuwa. Wannan ya ƙara muhimmanci ga ƙauyukan da rashin zaman lafiya ya hana zuwa gonakin nesa, tun hare-haren da aka kai ƙauyukan Moro'a a Maris na 2014 da waɗanda suka biyo baya. Inda fili ya ƙuntata, ba a iya barin gona ta huta, sai dai a hutar da ita da canjin shuka.

Saura maganar lokacin aika kuɗi, wadda ke hannun mazauna Kudu kacokan. Yawancin mutane sau ɗaya suke aikawa, a Yuni, lokacin da taki ya fi tsada kuma kowa ke layi. Da za a raba kuɗin uku da ya fi amfani. Kashi na farko tun da rani, a sayi taki da iri kafin su hau, bayan an saurari hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa a farkon kowace shekara, wanda ke faɗin lokacin da ake sa ran ruwa zai zauna da inda ake tsoron zai ɗauke. Hasashe ne, ya kan saɓa, amma ya fi ruwan farko gaskiya. Kashi na biyu a Oktoba, na 'yan ƙwadagon yankan waken soya, domin kwana goman nan da aka ambata. Kashi na uku kuwa, wanda kusan ba mai tunawa da shi, a Nuwamba da Disamba ne. A lokacin kuɗin makaranta da hidimar ƙarshen shekara ke tilasta wa manomi ya kai amfaninsa kasuwa a ranar da kowa ya kai nasa, 'yan baranda su saya a wulaƙance su ɓoye. Kuɗi kaɗan a wannan lokaci, da buhunan nan masu ciki uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, sun isa su sa a riƙe amfani zuwa bazara. Sharaɗi dai a busar da shi sosai a kan tamfol, ba a ƙasa ba, domin masara mai laima tana yin funfuna mai guba, kuma manyan kamfanoni suna gwadawa su mayar da mota. A kuma sani riƙewa ba kullum take biya ba, waɗanda suka ɓoye masarar 2024 suna jiran tsada sun ji a jikinsu.

Abu na ƙarshe shi ne iri. Ƙwayar waken soya ba ta da tsawon rai irin na dawa, zafi da laima na 'yan watanni sun isa su kashe ta alhali a ido lafiya lau take. Manoma da yawa sun zargi damina a kan tsiron da bai fito ba, alhali matacce suka binne. Mako biyu kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100, a shuka su a jiƙaƙƙen yashi a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa, a duba bayan mako guda. In 80 ko fiye suka tsiro, iri ne. In tsakanin 60 da 80 ne, a ƙara yawan abin da za a zuba a rami. In ba su kai 60 ba, a kai wa masu awara, a nemo wani.